Kuɗin Rumawa a Bakin Zanena

Na tafi Misra daga Bungudu na dawo, an cuce ni a hanya ba sau ɗaya ba, amma cutar da ta fi tsaya mini a rai a gida aka yi mini ita, kuma ƙanena Garba ne ya yi, wanda muke ciki ɗaya da shi. Ya buɗe adakata ba na nan, ya kwashe tsofaffin kuɗin Rumawa da na zo da su, ya kai wa maƙerin farfaru a Gusau a narka. Mun shirya tuni, 'ya'yansa a ɗakina suke wuni, amma duk wanda ya tambaye ni sai na faɗa, ko Garba yana zaune a wurin. Mutanen gari sun ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan kwabban da ba su sayen ko daddawa. To, ga yadda na same su. A cikinsu akwai guda ɗaya da nake ce wa Mai Kitso, ita ce wadda na yi alkawari a kanta.

Sunana Kulu. Mijina Malam Isa mutumin Rawayya ne, shi ya ƙudura sai ya yi karatu a Misra. Ya ce in koma gidan Baba in jira shi. Na ce mutumin da bai iya hura wuta ba yunwa za ta kashe shi kafin ya ƙetare Barno. Haka muka tafi tare.

Wahalar farko da ta cancanci a faɗa bayan Abeshe ta same mu. Mun biya mai mota har Junaina, bakin iyakar Sudan. Da muka iso wani rafi busasshe mai yashi sai ya ce kowa ya sauka motar ta yi sauƙi. Muka sauka, maza har da tura masa, Malam yana gaba-gaba yana nishi. Motar ta haura, ba ta tsaya ba. Muna tsaye muna kallon ƙurarta, wani tsoho Babarbare yana ɗaga hannu, wai ko direban mantawa ya yi. Malam ya ce a yi haƙuri, Allah yana gani. Abin da ni na ce ba zan rubuta shi ba. Sa'ata ɗaya, ban taɓa barin tasata da tukunyata a cikin mota ba, a kaina suke ko fitsari zan sauka yi. Da ƙafa muka ƙarasa. Wasu matan Larabawa makiyaya suka ba mu nono, ba mu jin su ba su jin mu, ɗaya ta dubi kaushin ƙafata ta kawo man shanu ta shafa mini da hannunta.

A Sudan muka tsaya tsinkar auduga don mu tara kuɗin gaba. Kaka biyu muka yi. Can na tsinci Larabcin kasuwa, wanda Malam yake cewa yana sa masa ciwon kai. Wata rana ina cinikin gishiri, wata tsohuwa mai tuyar waina ta kama mini zane ta ce, "Ɗiyata, wanga baki na Zamfara ne. Ke ta ina ce?" Inna Tumba sunanta, 'yar garin Wanke. Tana amarya suka fito za su Makka, mijin ya rasu a nan, ga ta har ta yi furfura. Ba ta tambaye ni sarki ko hakimi ba, tambayarta ko har yanzu ana kai dawa kasuwar Gusau a kan jakuna, ko ana yin hoce, ko rafi yana kawo ruwa kamar da. Ina ba ta amsa tana juya waina tana share ido da gefen mayafi. Ranar da za mu wuce ta ƙulle mini daddawa da curin tsamiya babba, ta ce in riƙa yin kunu ina tuna ta. Wannan tsamiyar ita ta kusa raba ni da aiki a Alƙahira.

Daga nan jirgin ƙasa, sai jirgin ruwa a kan Nilu, sai wani jirgin ƙasan. A Alƙahira muka sami ɗaki a saman wani dogon bene, inda ake shanya da kiwon tattabaru. Malam ya shiga karatu, ya zama kamar yaron da aka saya wa sabuwar riga. Ni kuwa na ga in ban fita ba, littattafai za mu ci. Garin bai karɓe ni da fara'a ba. Yara suna bina suna kwaikwayon maganata, mai burodi yana ba ni na jiya yana rantsuwa yanzu ya fito daga wuta. Abincinsu wake da gurasa, safe da yamma. Akwai ranakun da nake zama tsakanin tattabarun nan in rufe ido in ji kamar ana dakan fura a gidanmu, in buɗe in ga rufin gidaje har iyakar gani.

Mai gadin benen, wani Banube mai kirki, mutumin kudancin Misra, shi ya kai ni wurin Sitti Marta. Tsohuwa ce, Kirista daga Kibɗawan ƙasar, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, ido ya fara yi mata hazo. Aikina shara da wanki da girki. A falonta akwai wani akwatin katako mai aljihuna sirara da yawa, kullum a kulle.

Wata Lahadi ta tafi majami'a ta bar aljihu ɗaya a kan tebur. Na leƙa, sai ga kuɗi a jere a kan ƙyalle, kowanne a gurbinsa, wasu baƙi ƙirin, wasu kore kamar gansakuka. A garinmu macen da ta bar tasarta ta dafe haka, da ita za a yi hira a gidan biki. Na ce baiwar Allah, ido ya hana ta ganin ƙazantar da ke gidanta. Na jiƙa tsamiyar Inna Tumba, na ɗebo toka a murhu, na zauna na miƙe ƙafa. Guda biyar na gama, sun yi fari tas suna ɗaukar ido, sai ga ta ta shigo.

Ta ɗauki ɗaya ta kai shi dab da idonta. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna, sannan ta ce in tafi gida, kada in dawo.

Na san in na fita ƙofar nan karatun Malam ya tsaya. Amma ba wannan ya tsayar da ni ba. Na ce mata ni aiki na yi, ba ɓarna ba, kuma ba na barin gida sai an gaya mini laifina.

"Baƙin nan ya fi shekara dubu yana taruwa," in ji ta. "Ke kin cire shi kafin a gama addu'a."

Ta ce masu tara irin kuɗin nan baƙin suke dubawa su san na gaske ne, wanda aka goge kuwa darajarsa ta zube. Na ce to in haka ne a daina ajiye shi inda mace mai tsabta za ta gani. Ta dube ni da idon nan nata mai hazo, sai dariya ta ƙwace mata, har da tari. Da ta lafa ta miƙo mini ɗayan ta ce tunda na wanke, in faɗa mata abin da ke bayansa. Na duba na ce mace ce a tsaye, ta rungumi wani abu kamar ƙahon sa, cike da 'ya'yan itace. Ta karɓa ta shafa shi. Ta ce ta yi shekaru ba ta ga ƙahon nan ba, da yatsa kawai take jin sa.

Haka aikina ya ƙaru. Kullum bayan la'asar, in na yi salla, sai ta jawo aljihu ɗaya. Ni in faɗi abin da na gani, ita ta ba da labarin. Mijinta ne ya tara su, tun yana saurayi yake saye a hannun manoma da fataken Sham, ita kuma ta ci gaba don kada akwatin ya zama maraya. Ta ce Rumawa sun mulki Misra da Sham da Turabulus da ƙasashen Turawa gaba ɗaya, kuma a zamanin da babu rediyo, kuɗi ne mai shela. In sabon sarki ya hau sai ya buga fuskarsa, mai sayar da albasa a ƙauye ya karɓi canji ya ga an yi sabon Kaisar.

Sunayensu ba su zauna a bakina ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai Mai Ƙaton Wuya, wanda aka ce birninsa ya ƙone mutane suka zarge shi. Akwai Mai Gemu, wanda aka haifa a ƙasar Turabulus, ya bar wa 'ya'yansa biyu sarauta su yi tare, babban ya sa aka kashe ƙaramin a jikin uwarsu, ya bi duwatsu da gine-gine yana kankare sunansa. Na ce wannan ba sai an je Rum ba, na san gida biyu a Bungudu da gadon fadama ya kusa kai su haka. Biyar ɗin da na wanke kuwa na sarakunan baya-baya ne, masu hula mai tsini-tsini kamar ƙaya. Sitti ta ce a zamaninsu mulki ya lalace, yau a naɗa gobe a kashe, ga sojoji suna jiran albashi, sai sarakunan suka riƙa zuba jan ƙarfe a cikin azurfa, fuska fari ciki ja. Na ce ashe algus ba masu man gyaɗa suka fara shi ba.

Malam da farko bai so ba. Ya ce surorin mutane ne, kuma na kafiran farko. Na kwance bakin zanena na nuna masa sule ɗaya da ya rage mana daga gida, da kan sarkin Ingila a jiki, na tambaye shi ko in jefar. Ya ce in bar shi ya yi nazari. Bai sake tayar da maganar ba, daga baya ma shi yake tambaya yau wane sarki aka kashe.

Mai Kitso a aljihu na ƙasa take. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai sule ba, ta yi baƙi mai sheƙi kamar tsohuwar tukunya. Mace ce ta ba da gefen fuska, an tattara kitsonta an naɗe shi a tsakiyar ka, sak yadda tsofaffin matan Tsafe suke yi in za su biki. Na ce wannan ai na san ta. Sitti ta ce matar wani Kaisar ce mai sanyin hali. Ta rasu bai daɗe da hawa ba, shi kuma bai sake ɗaura aure ba, ya yi ta buga kuɗi da fuskarta har ƙarshen ransa, ya kuma ware dukiya da sunanta ana ciyar da 'yan mata marasa galihu. Ta ce wannan a zamanin da azurfa take azurfa aka buga ta. Da na koma gida na tambayi Malam, in na riga shi me zai buga. Ya ce, "Ke ba ki riga ni, sai kin gama faɗa da kowa."

Ni ma na sayi nawa guda, da guminna. Wata baƙauya mai sayar da albasa ta zo da shi a ƙullin tsumma, mijinta ya tono a gona. Na tagulla ne, da wata dabba tana shayar da jarirai biyu. Na ce kura ce. Sitti ta ce macen kyarkeci ce, wai ita ta raini waɗanda suka kafa birnin Rum. Na ce ko ma mece ce, mutanen da suka sha wannan nono ba abin mamaki ba ne su yi ta cin juna.

Shekarun nan, in na cire kewar gida, na ji daɗinsu. Ina da aiki, ina da mai ba ni labari, Malam yana ƙiba da karatu. Da ya sami abin da ya je nema muka yi shirin dawowa. Ranar sallama Sitti ta zuba mini biyar ɗin nan a hannu ta ce nawa ne, da tokata na saye su. Sannan ta laluba aljihun ƙasa ta ɗauko Mai Kitso. Ta ce tana da irinta biyu, 'ya'yanta kuwa ranar da ta rufe ido dillali za su kira. Sharaɗi biyu ta kafa mini: kada in wanke ta, kada in bari a huda ta ko a narka. Na ce na ɗauka. Ta shafa fuskata da hannu biyu kamar yadda take shafa kuɗin.

Dawowa ta fi sauƙi, don na riga na san kowane irin ɓarawo da ke hanyar. Na nemi Inna Tumba a inda take tuya, aka ce ta rasu da damina.

Ba mu daɗe da sauka ba aka sa bikin Asabe, 'yar Garba, za a kai ta Tsafe. A wurinmu in za a aurar da yarinya, iyaye mata sukan fito da tsofaffin kuɗin azurfa a kai wa maƙeri ya yi awarwaro da zobba. Garba ya ga nawa tun ranar da na kwance kaya. Ya zo ya ce ni ce gwaggo, ni ya kamata in fara. Na ba da tasa da zane biyu na Misra, na ce kuɗin nan ba na narkawa ba ne. Ya ce to. Garba in ya ce to da sauri haka, akwai magana.

Na je Rawayya gaisuwar mutuwa na kwana. Da na dawo na tarar da adaka a buɗe. Matarsa ba ta iya ƙarya ba, ina dubanta ta ce ya tafi Gusau tun da safe. Ko mayafi ban canza ba, na tare motar gyaɗa na hau kan buhuna. Duk hanya ba na tunanin biyar ɗin, ba na tunanin kura, hannun tsohuwar nan kawai nake ji a fuskata.

Na same su a maƙera. Garba yana zaune ya haɗa rai, maƙerin yana riƙe da wani dunƙule a awartaki, ja-ja kamar goron da aka tauna. Yana ganina ya ce, "Ke ce yayar tasa? Wanga ƙane naki jabu ya kawo mini. Na zaɓi masu hasken na zuba, ga abin da ya fito. Ko kuɗin gawayina bai yi ba."

Na tambaye shi sauran biyun fa. Ya nuna mini wani kasko a gefe da ƙafa, inda yake zuba guntayen ƙarfe. Ya ce in fararen sun zama haka, baƙaƙen ba su isa a hura musu wuta ba. Na durƙusa na tona. Ga kura da jariranta. Ga Mai Kitso a ƙarƙashin wani karyayyen cokali, baƙinta yana nan yadda Sitti ta ba ni. Sai da na ƙulle su a bakin zanena na yi ƙulli biyu, sannan na gaya musu cewa wani sarki da ya mutu tun kafin kakannin kakanninsu ne ya cuce su, kuma azurfar gaske ita ce wadda suka jefa a kasko. Maƙerin ya ce in kawo ya goga a dutse ya gani. Na ce ya goga ƙanena.

Dunƙulen nan dai zobe aka yi da shi. Asabe tana sanye da shi har yau, ya ɗan yi ja, tana cewa na sarakunan Rum ne, ba ta yarda a taɓa.

Muka kamo hanyar gida ni da Garba har muka wuce rabi. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, "To, Yaya, in kin mutu fa? Wa ya san labarin nan in ba ke ba? Ga kowa ƙarfe ne."

Gaskiya ya faɗa. Alkawarin da na ɗauka iyakarsa numfashina, ranar da aka kai ni makwancina wani zai buɗe adaka ya ga baƙin kwabo, wannan karon kuma maƙeri ya riga ya ji. A gefen Mai Kitso akwai rubutu zagaye da kanta, sunanta ne da laƙabinta, Sitti ta taɓa ce mini irin baƙaƙen nan ne Turawa suka gada, su ne bokon da ke jikin buhunan gyaɗa. Malam bai san boko ba. Ni ban san komai ba. Da yamma na ce masa zan shiga ajin manya da aka buɗe wa mata a unguwarmu, in koya, in rubuta labarin kowane sarki da hannuna, har waɗanda aka narka. Ya ce matan gari za su yi dariya. Na ce sun daɗe suna yi.

Da safe na yi wanka na ɗaura zanen Misra na tafi. Malamar, ashe yarinya ce, Ladi, ni na yi mata wankan jego ita da uwarta. Ta gan ni ta rasa inda za ta sa kanta, ta ce, "Inna, wurin wa kika zo?" Na ce wurinta, ta ba ni tabarma. Ta ɗauki alli ta zana baƙi na farko a allo, kamar bukka mai gungume a tsakiya. Na kwance bakin zanena na karkata Mai Kitso wajen hasken ƙofa. Yana nan, har wuri uku. Na ce ta ci gaba.